Tayar baya ta hannun hagu

Akwai wata taya a jingine a bayan madafinmu, bana shekararta shida a wurin. Uwargida ta sha cewa in ba masu yankan roba su yi takalma da ita, ko in bari ta cika ta da ƙasa ta shuka alayyahu. Na hana. Yara sun ɗauka rowa ce irin ta malaman makaranta. A gefenta akwai yagewa da ta kai kamu guda, wayoyin ciki sun yi cirko-cirko kamar bakin tsohuwar tsintsiya.

Ni malamin sakandare ne a Saminaka, lissafi nake koyarwa, kuma a wancan lokaci ni ke riƙe da ajin masu shirin baftisma a ikilisiyarmu. Albashin malami kowa ya san halinsa: ba ya kai wata, wani lokacin ma watan ne ke wucewa shi bai iso ba. Shi ya sa na haɗa kwasar adashe da rance na sayi bas ta hannu, Hiace, na ba direba. Tana lodin Jos, ranar da kasuwa ta yi kyau ta leƙa Zariya ta Pambeguwa, da dare a kawo mini balas. Yaron motar ɗan wata gwauruwa ne da muke sujada tare, shekararsa 19. Ni na koyar da shi a ajin baftisma, ni kuma na roƙi direba ya ɗauke shi, don ya tara kuɗin sake zama jarrabawar da lissafi ya kayar da shi a cikinta.

Wata Alhamis da yamma na bi motar wurin mai faci don a ƙara iska. Mutumin kirki ne, Musulmi, mun daɗe tare. Ya durƙusa gaban tayar baya ta hagu, ya shafa ta, ya danna da babban yatsa, ya ɗago.

"Malam, wannan ta gama aiki. Ba facin da zai riƙe ta."

Ya nuna mini wasu lambobi huɗu a gefenta. Ya ce biyun farko makon da aka ƙera ta ne, biyun ƙarshe shekara. Na lissafa, ta girmi autana. Sai dai a makon nan ne aka koro 'yata daga makaranta saboda kuɗi, albashi kuma shiru. Na ce masa ta lallaɓa ta kai mu ƙarshen wata, Allah zai kiyaye.

"Allah na kiyayewa, Malam. Amma mu an ce mana mu ɗaure raƙumi tukuna, sannan mu dogara."

Na yi dariya, na biya kuɗin iska.

Ranar Asabar tayar ta yi bindiga a hanyar Jos, mota cike da mutane, buhunan masara a sama. Ta wuntsila sau biyu. Direba ya karye a hannu, fasinjoji suka ji raunuka, wasu masu tsanani. Yaron yana zaune a bakin ƙofa, inda yaran mota ke zama. Ba a kai asibiti da shi ba.

A zaman makoki ba wanda ya tambaye ni taya. Kowa ya shigo sai ya ce kwanansa ne ya ƙare. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara ta riga fata. Kirista ya faɗa, Musulmi ya faɗa, baki ɗaya, don kalmar ƙaddara ba ta tambayar addinin mai faɗarta a ƙasar Hausa. Har jajen mota aka yi mini. Wani dattijon ikilisiya ya buɗe Zabura 139 ya karanta wurin da Dawuda ke cewa an rubuta kwanakinsa duka a littafin Allah tun ko ɗaya bai zo ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama. Na kama ayar nan da hannu biyu.

Da yake ni malamin lissafi ne, ban tsaya a ta'aziyya ba, sai da na gina hujja. Allah ya san kome tun kafin a kafa duniya. Ya san ranar Alhamis ɗin nan zan ce a bari sai ƙarshen wata. Sanin Allah ba ya kuskure. In kuwa haka ne, da na ce a canza tayar, da na mai da sanin Allah ƙarya, abin da ba ya yiwuwa. Ke nan ba ni da wata amsa da zan iya ba mai faci sai wadda na ba shi. Wanda ba shi da hanya sai guda, ina laifinsa? Na sha bin hujjar nan layi-layi da dare kamar mai duba takardar ɗalibi, ban ga inda za a sa jan biro ba. Har wani ɗan alfahari nake ji, ina ganin ni na ƙago ta.

Shekara biyu ina kwana a kanta. Da gaske ta ba ni barci, ba zan yi ƙarya ba. Abin da ta kasa yi shi ne ta bar ni in haɗa ido da uwar yaron. Majami'armu ƙofa biyu gare ta, na koma fita ta wadda ba ta bi. Da kaka sai in ba uwargida buhun masara ta kai mata, ni in ce ina da makin jarrabawa.

Kawun matata tsohon fasto ne, ya yi ritaya, a Kagoro ya yi karatun Littafi Mai Tsarki tun yana saurayi. Idonsa ya yi rauni, don haka kowace Lahadi da la'asar nakan je in karanta masa. Baba muke ce masa duka. Wata rana na kawo masa hujjata a naɗe, na ce wani ɗalibi ne a aji ya tambaye ni, na rasa amsa. Ya saurara har na gama, yana juya sandarsa a ƙasa.

"Ɗalibin nan naka," ya ce, "mota gare shi?"

Na yi shiru. Bai matsa ba. Ya ce in jawo akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gado. Abin da zan faɗa daga nan, wani daga bakinsa na ji, wani kuma daga baya na tono shi a littattafan cikin akwatin nan, waɗanda gara ta riga ni karanta gefensu.

Abu na farko da ya karya mini gwiwa shi ne jin cewa hujjata ta girmi kakannina da nisa. Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a garin da yau ake kira Suk Aharas a Aljeriya, ya zama bishop na Hippo, Annaba ta yanzu, ya rubuta tattaunawarsa da abokinsa Ebodiyus a kan 'yancin zaɓi. Ebodiyus ne ya yi tambayata, kusan kalma da kalma: in Allah ya riga ya san mutum zai yi zunubi, ta yaya zunubin bai zama dole ba? Agustin ya amsa masa da tunawa. Kana tuna abin da ka yi jiya, tunawarka daidai take, amma ba ita ta sa ka yi shi ba. Haka Allah yake sanin abin da za ka yi gobe, ba tare da saninsa ya tura ka ba.

"Mai faci ya san za ta fashe," in ji Baba. "Shi ya fasa ta?"

Nan malamin lissafi ya farka. Na ce Baba, ai ba ɗaya ba ne. Mai faci hasashe ya yi, yana iya kuskure, tayar tana iya kai wata uku. Na Allah ba hasashe ba ne. Abin da ba ya kuskure kuwa ya riga ya kafu.

Ya ji daɗin wannan, na ga alama. Ya ce nan ne ƙashin maganar yake, kuma wani ya taɓa tauna shi a kurkuku. Bowetiyus babban jami'i ne a fadar Sarki Tiyodorik a Italiya, aka zarge shi da cin amana, aka kulle shi, aka kashe shi wajen shekara ta 524. Yana jiran kisa ya rubuta amsarsa. Ya ce matsalar tana cikin kalmar "riga". Littafinmu na Hausa yana cewa rigyasanin Allah, amma riga da baya namu ne, mu da muke bin kwanaki ɗaya bayan ɗaya kamar masu tafiya a layi. Allah ba shi da jiya, ba shi da gobe. Alhamis ɗina da ranar da aka halicci Adamu da ranar da za a binne ni duk a gabansa suke yanzu. Ba hango su yake yi ba, kallonsu yake. In ka gan ni a zaune, tabbas a zaune nake, ba yadda za a yi ganinka ya zama ƙarya. Amma ba idonka ya zaunar da ni ba. Toma Akwinas ya zo bayan shekaru ɗari bakwai ya ba da misalin mai tsayuwa a kan tudu: na kan hanya ba ya ganin wanda ke bayansa, na kan tudu yana ganin ayarin duka. Duk wanda ya taɓa hawa Kufena ya kalli Zariya ya san abin da ake nufi.

A nan na ga inda jan biro zai shiga takardata. Na haɗa dole iri biyu na mai da su ɗaya. Dole ne in Allah ya ga na ƙi, to na ƙi. Wannan gaskiya ne. Amma bai nuna dole ne in ƙi ba. Da na ce a canza tayar, ba sanin Allah ne zai zama ƙarya ba, abin da ya sani tun fil azal ne zai kasance "ya canza". Kuskure ne irin wanda nake rage wa 'yan aji huɗu maki a kansa.

Duk da haka misalin tudu bai ƙosar da ni ba, har yau. Mai tsayuwa a kan Kufena bai halicci hanyar ba, bai halicci matafiyan ba, bai halicci roba da zafin kwalta ba. Allah ba ɗan kallo ba ne. Wannan ne ya sa Kalbin na Janiba, babban malamin tauhidin Furotesta, ya ƙi tsayawa a kan "ya gani" kaɗai, ya ce Allah yana ƙaddarawa, ba abin da ke faɗuwa a bayan nufinsa. Arminiyus na Holan ya ce alherin Allah yana zuwa wa mutum, mutum kuma yana iya ƙin sa. Ya mutu a 1609, almajiransa suka ci gaba, har aka yi babban taron ikilisiya a garin Dort na Holan daga 1618 zuwa 1619, aka yanke hukunci a kansu, aka tuɓe fastocinsu da dama. Wesley, uban 'yan Methodist, ya zo daga baya ya ɗauki ɓangaren Arminiyus. A cikin Katolika ma an yi irinta tsakanin 'yan Jesuwit da 'yan Dominikan, shekara da shekaru ana zama a Roma, har a 1607 Fafaroma Bulus na Biyar ya sallami kowa, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a. Abin dariya, jikokin waɗannan mutane suna nan kusa da mu. Ikilisiyar CRCN ta wajen Takum gidan Kalbin ce, LCCN ta Numan gidan Martin Luta na Jamus, UMCN gidan Wesley, ga su duk a inuwar TEKAN, wato Tarayyar Ekklisiyoyin Kristi a Nijeriya, suna waƙa da Hausa ɗaya. Na tabbata yawancin matan Zumunta da ke kaɗa tulu a taronsu ba su taɓa jin sunan Dort ba, kuma ban ga abin da suka rasa ba.

Na shiga littattafan nan ina neman uba ga hujjata. Na ɗauka ko ba kowa, Kalbin zai karɓe ni. Sai na tarar shi ma cewa ya yi mutum yana faɗuwa bisa ga yadda Allah ya tsara, amma da laifin kansa yake faɗuwa. Sun yi faɗa a kan yadda abin yake aiki, sun kori juna daga mumbari, amma ba ko ɗaya a cikinsu da ya ce mai zunubi ya wanke hannu ya tafi. Hujjata marainiya ce.

Littafi Mai Tsarki kansa ba ya ko jin nauyin ajiye abubuwan biyu a jimla guda. A Luka 22 Yesu ya ce Ɗan Mutum zai tafi kamar yadda aka ƙaddara, amma kaiton mutumin da zai bashe shi. Ranar Fentikos Bitrus ya gaya wa taro cewa an ba da Yesu bisa ga shirin Allah da rigyasaninsa, a numfashi guda kuma ya ce ku kuka kashe shi. Ba bayani, ba neman gafarar mai karatu.

Wurare biyu ne suka fi shiga jikina. Na farko Ayyukan Manzanni 27. Bulus yana cikin jirgin ruwa, fursuna, hadari ya yi ta jifa da su kwana da kwanaki. Mala'ika ya gaya masa ba ran da zai salwanta, su 276. Magana ta ƙare ke nan, Allah ya faɗa. A dare na goma sha huɗu matuƙan suka fara sauke ƙaramin kwalekwale a ɓoye za su gudu. Da ni ne Bulus, da na ce a bar su, Allah zai kiyaye. Shi kuwa cewa ya yi da jarumin da sojojinsa, in mutanen nan ba su zauna a jirgin ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiyoyin. Mutumin da ya ji alkawari daga bakin mala'ika bai ga alkawarin ya ɗauke masa aikin tsare matuƙa ba. Ni ko mala'ika bai zo mini ba. Mai faci ne ya zo, shi ma akasin haka ya faɗa.

Na biyun ya fi zafi. A 1 Sama'ila 23 Dawuda yana garin Kaila, ya ji Sarki Saul, mai neman ransa, na shirin zuwa. Ya sa Abiyata firist ya kawo falmaran, rigar firist da ake neman nufin Allah da ita, ya tambayi Ubangiji: Saul zai zo? Zai zo. Mutanen Kaila za su bashe ni? Za su bashe ka. Sai Dawuda ya kwashi mutanensa wajen 600 ya bar garin. Saul ya ji, ya fasa tafiyar. Ba wanda ya zo, ba wanda aka basar. Allah bai yi kuskure ba, abin da zai faru in Dawuda ya zauna ne ya faɗa masa. A kan irin wannan aya wani ɗan Jesuwit mutumin Sifaniya, Molina, ya gina koyarwarsa a 1588, cewa Allah ya san har abin da kowane mutum zai zaɓa a kowane halin da bai ma auku ba. Ni ba koyarwar ce ta dame ni ba. Abin da ya hana ni cin tuwo a daren nan shi ne wannan: ashe akwai wata Asabar da Allah ya sani sarai, wadda na ranci kuɗi na sayi taya ko ta gwanjo ce, mota ta dawo da magariba, yaron ya wanke ta, ya karɓi sallamarsa ya tafi gida.

Lahadin da ta biyo baya na daina fakewa da ɗalibi. Na gaya wa Baba kome, har dariyar da na yi. Na kuma tambaye shi, to dattijon da ya karanta Zabura 139 ƙarya ya yi? Mutanen da suka ce kwanansa ne ya ƙare fa?

Ya ce in buɗe Farawa 50. Na karanta inda 'yan'uwan Yusufu suka tsorata bayan mutuwar Yakubu, suka zo suka fāɗi a gabansa, shi kuma ya ce musu sun nufe shi da mugunta, amma Allah ya nufi abin da alheri, don a ceci rayuka da yawa.

"Wa ya yi maganar?"

"Yusufu."

"Wa aka jefa a rijiya?"

"Yusufu."

"To, ɗana, a ce Yahuza ne ya miƙe, shi da ya kawo shawarar a sayar da yaron azurfa ashirin, ya kakkaɓe rigarsa ya ce, ƙanena, ai ƙaddara ce, dubi yadda ka zama babban mutum a Masar. Me za ka kira shi?"

Na ce marar kunya.

"Amma gaskiya ya faɗa."

Ya bar ni da wannan na ɗan lokaci. Sannan ya ce maganar ƙaddara gaskiya ce, ba a bakina take ba ne kawai. Magani ne da aka dafa wa uwar yaron, na ɗauke na shanye, ni da na ji mata ciwon. Ya ce in lura Yusufu ma bai haɗiye rabin farko ba, sai da ya ce kun nufe ni da mugunta. Kuma wanda ya fara jingina laifinsa ga tsarin Allah shi ne Adamu, da ya ce macen da ka ba ni ce.

Tun daga ranar nake sauraron yadda muke amfani da kalmar nan, kuma na ga ba ni kaɗai ba ne ɓarawonta. Magini ya rage siminti, gini ya rufta, ya ce tsautsayi. Miji ya hana kuɗin awo, mace ta mutu a wurin haihuwa, shi ne na farkon cewa haka Allah ya so. A bakin mai makoki kalmar tana riƙe mutum kada ya zauce. A bakin mai laifi rufe bincike take yi. Mu kuma da kunyarmu ta Hausa ba ma iya tambaya a gidan rasuwa, sai mu ce amin mu tashi.

Baba ya ƙara mini abu ɗaya kafin in tafi, shi ne ya hana ni nutsewa. A dare guda Yesu ya faɗa wa mutum biyu abin da za su yi. Ya gaya wa Bitrus zai yi musunsa sau uku kafin zakara ya yi cara. In akwai mai ikon cewa "ai an riga an faɗa", Bitrus ne, da kunnensa ya ji. Amma da zakara ya yi cara, Ubangiji ya juya ya dube shi, bai ce kome ba, fita ya yi ya yi kuka mai zafi. Yahuza Iskariyoti ma, da ya mayar da azurfa talatin ɗin, cewa ya yi na yi zunubi, na ba da marar laifi. Ko Yahuza bai ɗauki hujjata ba. Wannan ya ƙona ni.

Sai dai Baba ya sa na koma baya kaɗan a Luka 22. Kafin maganar zakara, Yesu ya ce wa Bitrus ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in ya juyo kuma ya ƙarfafa 'yan'uwansa. Sanin bai tsaya a faɗuwar ba, ya zarce har juyowar. Ni shekara biyu ina ɗaukar sanin Allah kamar takardar hukunci da aka sa wa hannu tun ban zo duniya ba. Ban taɓa tunanin cewa wanda ya ga Alhamis ɗina ya ga abin da ke bayanta ba, kuma bai fasa kirana ba.

Duk da haka sai da na ƙara mako uku. Baba ya ce zai raka ni, amma ba zai buɗe baki ba. Muka same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa. Ta ce haba Malam, tashi ka hau kujera. Na ce Mama, a nan zan faɗa. Na faɗa mata tun daga wurin mai faci, da lambobi huɗun, da kuɗin makaranta, da dariyar.

Hannunta bai tsaya da ɓarar ba.

"Na sani," ta ce. "Direba ya gaya mini tun hannunsa yana ɗaure."

Shekara biyu. Kowane buhun masara da na aika, ta karɓa tana sane. Ta ce ta ga lokacin da na canza ƙofa a majami'a. Ta ce da na zo a watan farko da ta zage ni zagin da ba zan manta ba, wataƙila shi ya sa ban zo ba sai yanzu. Ta share ɓawon gyaɗa daga zaninta.

"Ranar ɗana ce ta zo, Malam. Wannan na karɓa daga hannun Ubangiji, da shi nake kwana. Taya kuwa kai ne ba ka canza ba. Na yafe maka. Amma masarar nan ka daina aiko matarka, ka kawo da kanka."

Baba ya cika alkawari, bai ce uffan ba har muka fito.

Na kai kaina gaban dattawan ikilisiya, na ajiye ajin baftisma na shekara guda. Na bi fasinjojin da na iya samu. Wasu sun karɓe ni, wani mutum ɗaya da har yanzu yake ɗingishi ya ce in bar masa ƙofar gida, kuma yana da gaskiya. Motar na sayar wa 'yan gwangwan, tayar kaɗai na riƙe.

Kada wani ya ɗauka na warware lissafin. In ka tambaye ni ko ina gidan Kalbin ko na Arminiyus, ya danganta da surar da na karanta da safe. Romawa 9 har yanzu tana sa ni gyara zama, haka ma Fir'auna, wanda Littafin Fitowa ya ce a wani wuri shi ya taurare zuciyarsa, a wani wuri kuma Ubangiji ne ya taurare ta. Kuma akwai tambayar da ban daina yi ba: wanda ya san kome, me ya hana shi sa batir ya mutu da safiyar Asabar ɗin nan? Motar ta sha ƙin tashi a ranakun da ba kome. Na tambayi Baba wannan kafin ya rasu. Ya ce shi ma ya binne 'ya'ya biyu da tambayar nan a bakinsa, zai kai ta can da kansa.

Na koma ajin baftisma. Duk shekara sai an sami yaro mai kaifin kai da zai ɗaga hannu ya ce, Malam, in Allah ya riga ya san wanda zai shiga wuta, mene ne amfanin ƙoƙari? Dā sai in ce ya zauna, ba a tambayar Allah. Yanzu nakan ba su labarin Bulus a jirgi da Dawuda a Kaila, sannan in ba su labarin wani malamin lissafi, in faɗi sunansa.

Mai facin yana nan a wurinsa. Tsawon shekarun nan bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da ido. Babur nake hawa yanzu. Watan jiya na tsaya ya ƙara mini iska, ya durƙusa gaban tayar baya, ya shafa, ya danna da babban yatsa. Ya ɗan jima bai ɗago ba. Saura kwana tara albashi, in ma ya zo a kan lokaci. Na zare makulli na miƙa masa, na ɗauki jakar takardun jarrabawa, na taka zuwa gida.